Sunan Aisami Ya Shiga Turanci

Akara, 21 ga Afrilu

Zuwa ga tsohon taubashina Aisami, sarkin taki da leda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Habsu da yara, da zafin Gure da aka ce bana ya fi na bara. Ni lafiya lau, karatun Ingilishi na tafiya, sai kewar tuwon hatsi. Ka gaida mini Inna Yakura, gwaggonka, ka ce ta riƙa shafa maganin ƙafar da na aiko. Na san har yau wayarka ita ce ƙaramar nan mai ɗaurin roba, to 'yarka Zara ta miƙa maka tata ka yi ta lalube da gilashi.

To, yau na kama ka! Tun ina goye kake ce mini uwar surutu, ga ranata ta zo. Zara ta saka bidiyonka a wasap ɗinmu na dangi. Da farko ga ka cikin babbar riga, baƙin furoje, wato shirin nan naku na dashen itatuwa, sun zo daga Yamai da Turawansu biyu, kowa ya tsuguna ya dasa ɗan icce a kan tudun rairayin Gidigir, ana tafi ana ɗaukar hoto. Motocinsu ba su gama ɓacewa ba, sai ga ka ka tuɓe riga kana bin ramuka kana tuge dashen ɗaya bayan ɗaya kana mayarwa cikin leda. Har da waiwaye! Wallahi na yi dariya har maƙwabciyata ta buga mini ƙofa.

Nan Gana lokacin kamfe ne, kullum ana aza harsashi ana yanke ƙyalle, ka koma bayan wata ɗaya ba komai sai awaki. Malaminmu ya ce kowa ya rubuta gajeren abu da Ingilishi ya saka a intanet. Sai na ɗora bidiyon, na rubuta a ƙasa cewa Turanci ba shi da kalmar wannan hali, to ga ta na ba su kyauta: aisami. Wato a dasa don hoto, a tuge in baƙi sun juya baya. Cikin kwana biyu mutum dubu huɗu sun gani.

Ka rama in ka iya.

Uwar ɗakinka,
Lailatu

Gure, 4 ga Mayu

Zuwa ga uwar surutu, wadda aka kai Gana don Gure ta huta,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, alhamdu lillahi. Gwaggo Yakura ta ji sauƙin ƙafa, jiya da kanta ta taka har gidanmu. Na rubuta wannan a takarda, Zara za ta ɗauki hotonta ta tura miki in rezon waya ya yarda.

Na ga aikinki. Kin iya, Allah Ya ƙara basira. Ashe abin da aka tura ki koyo ke nan, ki kai tsoho kasuwa ba riga. Ke da ba ki bambanta iccen dakwara da na kandili, har kin zama alƙalin dashe. Abin da ya sa na tuge, ba maganar waya ba ce, sai kin zo. Amma tunda kin gama dariyarki, shin ba a sauke irin wannan abu ne? Ko mutanen Gana ba su gajiya da kallon ƙoƙon kan tsoho?

Ga labarin da ya fi naki. Zara ta yi nauyi, muna sa rai ƙarshen damina. Mijinta Fadilu ya zo da kawunsa ran Juma'a, suka ce in Allah Ya ba da namiji, sunana za a raɗa masa. Kin san ni ma ba nawa ba ne, na kakanmu ne, Malam Aisami da ya haƙa rijiyar farko a kwarin Gidigir. Tun da aka sa mini, ba a sake sa wa kowa ba a gidan. Da na gaya wa Gwaggo sai ta yi kuka. Kin san ta, ba ta taɓa kama sunan nan da bakinta ba tunda na mahaifinta ne, ni ma Babana take ce mini.

Gobe zan koma kwari, can ba rezo. Ki ci abinci, kar ki dawo mana kamar kara.

Ubangidanki,
Aisami

Akara, 11 ga Mayu

Tsoho mai ƙoƙon kai,

Ina gaisuwa, ina yi wa Zara fatan sauka lafiya. Kai, na ji daɗin labarin nan! Allah Ya sa kar yaron ya ɗauko hancinka.

Ka ce na iya, to ba ka ga komai ba. Wai in sauke? Kai dai ka ji kaye ne kake neman hanyar gudu, na san ka. Saurara ka ji. Wani mai barkwanci a nan ya ɗauki bidiyon ya haɗa da hoton wata gada da aka buɗe sau uku ba a gama ba. Daga nan abin ya tsere mini. Yanzu in ɗan takara ya yi alƙawari, sai matasa su cika ƙarƙashin maganarsa da kalma ɗaya, aisami, aisami. Ran Talata ina cikin motar haya na ji a rediyo wani ɗan adawa yana cewa gwamnati ta yi wa makarantu aisami. Na kusa faɗowa daga kujera. Har sun yi mata wutsiya irin ta Turancinsu, wai aisamizim, wato aƙidar aikin hoto. Akwai masu sayar da riguna da ita a rubuce. An ce ta tsallaka Najeriya.

Malaminmu ya tsayar da ni gaban aji ya ce mutane na shekara hamsin suna rubutu ba su ƙara wa harshe kalma ɗaya ba, ni na yi da wata guda. Ka gani, 'yar Gure ta ba Turawa aro. In na zo sai ka yanka mini kaza.

Lailatu

Akara, 3 ga Yuni

Aisami,

Lafiya dai ko? Mako uku ba amsa. Na san ka ce kwari ba rezo, amma Zara ma ta daina buɗe saƙona, kuma ta fita daga wasap ɗin dangi. Na kira Inna, ta amsa gaisuwa da ƙyar, na tambaye ta kai, sai ta ce, "Babana yana nan," ta miƙa wa wata wayar. Inna ba ta taɓa yi mini haka ba.

In wani abu ya samu cikin Zara ne, don Allah kar ku ɓoye mini.

Lailatu

Gure, 16 ga Yuni

Uwar surutu,

Muna lafiya. Zara lafiya take, ita da abin da ke jikinta. Kunya ce ta hana ta amsa miki, tana ganin ita ta jawo, tunda ita ta ɗauki hoton. Na ce mata ba laifinta.

Kyautar da kika ba Turawa ta dawo gida. 'Yan kasuwar da ke zuwa daga Najeriya suka kawo ta cikin wayoyinsu. Ran kasuwa na tsaya sayen igiya, na ji wani na ce wa telan da ya ɓata masa ɗinki, "Kar ka yi mini aisami." Bai san ni ba, bai san ina bayansa ba. Telan ya san ni, ya sunkuyar da kai. Na bar igiyar na tafi. A masallacinmu ba wanda ya ce komai, sai dai wasu sun fara kirana Baban Zara, mutanen da muka yi wasan ƙasa tare.

Tunda abin ya kai nan, bari in gaya miki abin da na ce sai kin zo. Ba a dashe a Afrilu. Rairayin tudun nan a watan nan yana gasa ƙafar raƙumi. Dashen da kika gani, ɗari uku da ashirin ne, mata arba'in na kwari suka rene su wata biyar, Ya Kaka ce shugabarsu, da guga suke jawo ruwa. Baƙi suka zo lokacin da ya yi musu, shugaban furoje ya ce dole su dasa da hannunsu su koma da hoto, in ba haka ba masu ba da taimakon za su ce ba a aiki. Na ce masa za su mutu cikin kwana biyu. Ya ce, "Aisami, in sun tafi ka yi yadda ka sani, ni ban gani ba." Sai na yi yadda na sani, na mayar da su inuwa su jira ruwa.

Yanzu bidiyon ya kai ga Turawan. An kira ni biro, ofishin furoje. Shugaban ya ce a gabansu bai san da maganar ba, ni kuma na ce haka ne. An karɓe makullin lambun renon dashe daga hannuna, amma an bar matan da aikinsu.

Wannan duk da sauƙi. Kawun Fadilu ya aiko wa Habsu cewa wai a sake duba maganar suna, kar a ɗora wa jariri abin da yara za su riƙa bin sa da shi. Fadilu bai ce komai ba tukuna.

Ba fushi nake ba. Ke 'yar gwaggona ce, wasa ne tsakaninmu tun kakanni, ko rigata kika yaga a tsakiyar kasuwa dariya ce tawa. Gwaggo ta so ta kira ki ta yi miki faɗa, na hana, na ce in aka fara hukunta taubashi kan wasa, zumunci ya lalace. Sai dai na tambaye ki tun a Mayu ko ana sauke abin nan. Ban san yadda ake roƙon taubashi ba, shi ya sa na faɗa da dariya.

Aisami

Akara, 17 ga Yuni

Yaya Aisami,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta takardarka sau uku, na koma na karanta ta Mayu. Ga shi nan ka rubuta ƙarara, ni kuwa na ɗauka tsokana ce. Wayyo ni, wace irin sakarya ce ni!

Na goge bidiyon tun jiya. Ba amfani. Na ƙirga wurare sittin da aka sake ɗora shi kafin na gaji. Na bi mai barkwancin nan na roƙe shi, ya ce kalmar ba tawa ba ce yanzu, ta jama'a ce. Yawancin masu faɗinta ba su ma san sunan mutum ba ne.

Amma akwai hanya ɗaya, ka saurare ni don Allah. Wasu malaman jami'a a nan suna tattara sababbin kalmomin da suka shiga Ingilishi kowace shekara, su buga da ma'anarsu da asalinsu. Sun zaɓi wannan, sun rubuto mini suna tambayar daga ina ta fito, sun ba ni zuwa ƙarshen Yuli. Duk abin da na faɗa shi za su buga, jaridu kuma daga wurinsu suke ɗauka. Ka ba ni izini in faɗi gaskiya: cewa mutumin nan ceton itatuwan ya yi, cewa umarni aka ba shi, cewa masu hoton ne suka yi abin kunya. In ruwa ya sauka ka sake dasawa, Zara ta ɗauka ta turo mini. Wallahi zan juya kalmar nan ta zama yabo, kawun Fadilu da kansa zai zo ba ka haƙuri.

Ka amsa mini da wuri. Ko abinci ba na iya ci.

Ƙanwarka,
Lailatu

Gure, 9 ga Yuli

Lailatu,

Muna lafiya. Ruwa ya sauka ran ashirin da bakwai ga Yuni, mai kyau. Ba ni da makulli, amma Ya Kaka ta aiko aka kira ni, muka fita da matan muka dasa duka cikin kwana uku. Ba a ɗauki hoto ba, ni na hana.

Maganar malamanki, a'a. Ban yarda ba.

Ki yi tunani. In kika ce umarni aka ba ni, kin ce shugaban furoje ya yi wa Turawa ƙarya a gabana, kin ce hoton da suka kai ƙasarsu na bogi ne. Ba za su kore shi kaɗai ba, za su naɗe tabarmarsu su koma wata jiha, na ga an yi haka a wani kwari. Tudun nan kowace shekara yana matsowa, ya riga ya cinye dabino goma sha ɗaya na gabas. In aka bar shi shekara uku ba shinge ba dashe, zai rufe rijiyar kakanmu da gonakin matan nan. Yanzu an samu wanda aka ɗora wa laifi, kowa ya huta, aiki na tafiya. Ki bar shi a haka.

Kin yi magana sau ɗaya ba ki tambaye ni ba. Wannan karon kin tambaya, na gode, kuma na ba ki amsa. In kika tsallake ta, wannan ba wasa ba ne, kuma ba zan karɓe shi a wasa ba.

Gwaggo tana gaishe ki. Ta ce ki ci abinci.

Aisami

Akara, 20 ga Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina tambayar jikin Zara, na san kwanaki sun matso.

Ba zan ɓoye maka ba, na rubuta musu gaskiyar duka, shafi biyu, da sunan kwarin da adadin dashen. Kwana huɗu tana cikin wayata, ina buɗewa ina rufewa. Ran ƙarshe na goge. Na ce musu ba ni da abin faɗa, na roƙe su su cire kalmar. Suka ce ba su ke sa kalma a bakin mutane ba, rubutawa kawai suke.

Jiya ta fito. Sun sa ma'anar yadda na ƙaga ta, a ƙasa kuma suka ce daga sunan wani ma'aikacin gandun daji ne a Nijar da aka gani yana tuge itatuwa bayan biki. Layi ɗaya. 'Yan ajinmu suka zo yi mini barka, na shiga ban ɗaki na kulle.

Na bi maganarka, Yaya, kuma ita ce abu mafi wuya da na taɓa yi. Yanzu ni ma ina roƙon abu ɗaya. Takardarka ta ƙarshe ba uwar surutu, ba kara, ba komai. Don girman Allah ka zage ni. Ka ce mini mai bakin tsiya, ka ce an kai ni Gana don Gure ta huta. Ka gaya wa Fadilu ni ce mai laifi, in ya so in kira kawunsa in durƙusa ta waya. Kar a hana yaron nan sunan kakanmu saboda ni.

Lailatu

Gure, 14 ga Satumba

Zuwa ga Malama Lailatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan karatu na tafiya daidai. Mu nan kowa lafiya, hatsi ya yi kyau, an fara cin sabo.

Ina sanar da ke Zara ta sauka lafiya ran shida ga wata, an samu namiji. Jiya aka yi suna.

Ba sai kin kira kowa ba. Fadilu ɗan halak ne. Ana jibi suna ya zo ya same ni a zaure, ya ce shi ya yi alƙawari kuma yana kan bakansa, kawunsa ya faɗi abin da zai faɗa. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai. Da ya tafi na shiga na ɗauki yaron, na daɗe ina kallonsa. Na tuna mutumin nan na wurin tela. Na ga yaron nan ran da za a kai shi lakwal, mushe mai koyar da su ya kira sunansa, aji ya fashe da dariya, shi bai san me ya yi ba. Ni na kai hamsin da huɗu, na san abin da na tuge da dalilin da ya sa, ina iya ɗauka. Shi bai tuge komai ba.

Da safe da liman ya matso ya tambayi suna, ni na riga Fadilu magana. Sunansa Nafi'u. Gwaggo Yakura tana daga cikin gida aka gaya mata, ta nemi a ba ta jaririn ta riƙe.

Na gode da kika riƙe maganata, Allah Ya saka da alheri. Na yafe miki duniya da lahira, kuma ki yarda da wannan, ba faɗa nake don ki ji daɗi ba. Abin da kika roƙa kuwa, na ɗauki alƙalami sau biyu in rubuta, bai fito ba. Ki yi haƙuri.

Na je kwari makon jiya na ƙirga. Cikin ɗari uku da ashirin, takwas ne ba su kama ba.

Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa, Ya dawo da ke gida lafiya.

Wassalam,
Baban Zara